Darasi na Tara: Alewar Gyaɗa da Cakulan a Ƙasar Zafi

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai koyo ya iya abu huɗu: raba gyaɗa mai lafiya da gurɓatacciya, narkar da cakulan ba tare da ya ƙone ko ya dunƙule ba, zaɓen alewar da ta dace da kowane lokaci na shekara, da kuma lissafin uwar kuɗi da riba.

Lokacin da kuɗi ke yawo

Bonkuku, cibiyar ƙaramar hukumar Imanan a gundumar Filinge, da dankalin turawa aka san ta. Tun shekarar 1954 ake noma shi a wannan yanki, cikin kwarin Dallol Boso, inda mai haƙa rijiya ba ya yin nisa yake tarar da ruwa. Ana shuka shi bayan girbin hatsi, a fara haƙa a tsakiyar sanyi, motoci su yi ta jigilarsa zuwa Yamai ta hanyar Baleyara. A waɗannan watanni ne kuɗi ke yawo a gari. Mai lambu ya sayar, ɗan ƙwadago ya karɓi ladansa, mai amalanke ya samu nasa, yara ma ba sa rasa ƴan canji a aljihu.

Duk mai sana'ar kayan ƙwalama ta san da haka. Amma akwai wasu abubuwa biyu da ke zuwa tare da kuɗin. Na farko, gyaɗa, wato gujiya, sabuwa ce a lokacin, domin wajen watan Oktoba aka cire ta, ta bushe, kuma ba ta kai ga yin tsada ba. Na biyu, dare da asubahin Disamba da Janairu ne kawai lokacin da iskar wannan yanki ke da sanyin da cakulan zai daskare da kansa a kan tire, ba firji ba ƙanƙara. Wanda ya fahimci wannan haɗuwa ya fahimci rabin darasin: a ƙasar nan yanayi ne ke faɗa wa mai alewa abin da za ta ɗora a wuta.

Gyaɗa da tarihinta a Nijar

Asalin gyaɗa Kudancin Amurka ne. Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, daga nan ta bazu har ta zama ƴar gida. A Nijar an kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta da fitar da ita waje, kuma kafin yuraniyom ya karɓi ragama, ita ce kan gaba a cikin kayan da ƙasa ke sayarwa ƙetare. Farin farkon shekarun 1970 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ne suka karya wannan ciniki. Gyaɗar ba ta bar ƙasa ba, hannu kawai ta sauya. Daga rumbunan kamfani ta koma wurin mata masu matsar mai, masu ƙuli-ƙuli, masu dakuwa da masu kantu.

Kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne, kashi ɗaya cikin huɗu kuma sinadarin gina jiki. Saboda wannan ƙarfi ne aka ɗora abincin yara masu tamowa a kanta. Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, haɗin niƙaƙƙiyar gyaɗa ne da sukari da garin madara da mai da sinadaran ƙarin lafiya, kuma kamfanin STA na yin sa a Yamai tun 2005. Wancan magani ne da ake bayarwa a asibiti bisa awo. Alewa ba ta maye gurbinsa, amma ya nuna darajar abin da ke cikin kwanon mai talla.

Aikin farko: tsinta

Kafin a hura wuta, faifai ne ke fara aiki. A zuba gyaɗar kaɗan-kaɗan a wurin da haske yake, a baza ta da tafin hannu, a bi ta da ido. Ga wata ta yamutse, ga wata ta yi baƙi a gefe, ga wadda ƙwaro ya huda, ga wadda in an fasa ta za a ga ƙura kore-kore ko ruwan ɗorawa a tsakiya. Duk waɗannan a fitar da su. Kada a ba yara, kada a niƙa su cikin ƙuli-ƙuli, kada ma a watsa wa kaji ko akuyar da ake tatsa.

Dalili shi ne funfunar da ke kama gyaɗa tana haifar da wata guba da ake kira afulatoksin. An gano ta a Ingila bayan da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a 1960, sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil. Gubar tana taruwa a jiki a hankali, tana lalata hanta, tana cikin abubuwan da ke kawo sankarar hanta, kuma ana danganta ta da tsumburewar yara. Suya ba ta kawar da ita. Sukari da cakulan kuwa ɓoye ɗacin ƙwayar kawai suke yi, mutum ya ci bai sani ba. Don haka alhakin tsinta ya fi nauyi a kan mai alewa fiye da mai sayar da soyayyar gyaɗa, tunda mai sayen alewa ba ya ganin ƙwayar da idonsa.

Funfuna ta fi kama gyaɗar da fari ya same ta a ƙarshen damina, da wadda aka ji wa rauni wajen cira, da wadda aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba. Gyaɗar da ta bushe tana ƙara in an girgiza ta cikin ɓawonta, ƙwayar kuma tana karyewa ƙas a haƙori.

Bayan tsinta sai suya. A ɗora kasko da rairayi mai tsabta wanda aka tankaɗe, in ya yi zafi a zuba gyaɗa a yi ta juyawa. Rairayin ne ke raba zafin daidai, kada gefe ɗaya ya ƙone ɗayan yana ɗanye. Idan an murza ƙwaya ɗaya fatarta ta zame, cikinta ya yi launin ƙasa-ƙasa mai haske, to a sauke. A tankaɗe rairayin, a murje, a sheƙe fatar, sannan a bar ta ta huce sarai.

Halin cakulan

Cakulan daga ƴaƴan itacen koko ake yin sa, wanda ake kira kakawo. Kodibuwa da Gana ne ke noma fiye da rabin kakawon duniya, Najeriya da Kamaru ma suna cikin manyan masu nomansa. A 2024, bayan cututtukan itace da rikicewar damina sun rage amfanin gona a waɗannan ƙasashe biyu na gaba, farashin tan ɗaya ya haura dalar Amurka 10,000 karon farko. Abin da ya yi tsada haka ba a yin gwaji da shi barkatai.

Sirrinsa na cikin mansa. Man kakawo yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, wanda yake 37. Shi ya sa yake narkewa a baki. Shi ya sa kuma yake narkewa a tiren talla, domin a watan Afrilu da Mayu zafin rana a ƙasar Filinge yakan wuce digiri 40 ko a inuwa. Manyan kamfanoni ma sun sha fama da wannan matsala. A 1943 kamfanin Hershey na Amurka ya yi wa sojoji wani cakulan na musamman da zai jure awa guda a zafin digiri 49. Alewar M&M's, wadda ta fito a 1941, ɓawon sukari aka yi mata don kada ta narke a hannu, kuma a 1954 aka fitar da irinta mai gyaɗa a ciki.

Iri biyu ake samu a shagunan kayan kek na Yamai. Karatun takardar jikinsa ne ke bambanta su. Idan an rubuta *beurre de cacao*, cakulan na ainihi ne: ya fi daɗi, ya fi tsada, ya fi wuyar sha'ani. Idan an rubuta *graisse végétale*, to an sauya man kakawo da wani mai, galibi man alayyadi. Wannan na biyu ya fi arha, ya fi jure ɗumi, kuma yana daskarewa ba tare da wata dabara ba. Shi ya fi dacewa da mai fara koyo.

Kowane iri ne, abu biyu ne ke kashe shi: wuta mai ƙarfi da ruwa. In zafi ya wuce digiri 50 sai ya fara kauri, ya yi tsaki-tsaki, daga nan ya yi ƙauri. Mai madara ma bai kamata ya wuce 45 ba. Ruwa kuwa ko ɗigo kaɗan ya isa. Ana cikin juya shi yana sheƙi yana zuba daga cokali, sai gumin murfi ya ɗiga ciki. Nan take sheƙin ya ɗauke, cokali ya fara nauyi, kafin a ankara ya dunƙule kamar tunkuza. Abin da ya faru shi ne, sukarin da ke cikinsa ya jiƙe ya manne da juna. Irin wannan ba ya sake rufe gyaɗa, sai dai a dama shi da madara mai zafi a sha.

Tukunyar lantarki mai sanyin wuta

A Amurka matan gida sukan yi alewar gyaɗa da cakulan lokacin bukukuwan ƙarshen shekara a cikin wata tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali. Wani mutumin Cikago, Irving Naxon, shi ne ya ƙirƙiro ta, ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1940. Daga baya kamfanin Rival ya saye ta, ya fitar da ita kasuwa a 1971 da sunan Crock-Pot. Ƙirarta ba wuya: kaskon tangaran mai kauri a cikin gidan ƙarfe, da wayar da ke ɗumama shi a hankali ta ƙasa da gefe. Harshen wuta ba ya taɓa abin da ke ciki.

Wanda ke da ita, kuma yake da lantarki ko faranti mai amfani da hasken rana wanda zai iya ɗaukarta, ga yadda zai yi. A tabbatar kaskon a bushe yake. A zuba soyayyar gyaɗa kilo ɗaya a ƙasa, a barbaɗa ɗan gishiri, a ɗora yankakken cakulan kilo ɗaya a samanta. Gyaɗar ce ke kare cakulan daga zafin gindin kasko. A shimfiɗa busasshen tawul a bakin tukunyar kafin a ɗora murfi, domin ya tsotse gumi. A kunna ta a ƙaramar wuta, a ƙyale ta wajen awa guda. Sannan a buɗe a juya, a ci gaba da juyawa bayan kowane minti 15 har cakulan ya narke duka. Da ya narke a kashe, ba tare da bin agogo ba, domin tukwanen sun bambanta wajen zafi. A riƙa ɗiba da cokali ana ɗorawa a kan tiren da aka shimfiɗa wa farar leda mai tsabta. Idan kowane curi giram 20 ne, kilo biyun zai ba da curi 100.

A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a karkara kuma abin bai kai haka ba. Rashin tukunyar ba ya hana aikin. Abin da take bayarwa biyu ne, ɗumi mai sauƙi da bushewa, kuma ana samun su a murhun gawayi.

Tukunya da kwano

A sami tukunya da kwanon silba wanda ya fi bakinta faɗi, yadda zai zauna a kai ya toshe bakin, tururi ba zai kewayo ya shiga ciki ba. A zuba ruwa tsawon yatsa uku a kwance. Gindin kwanon kada ya taɓa ruwan. A ɗora a kan garwashin da ya riga ya lafa, ruwan ya yi zafi amma kada ya tafasa. Kwano, cokali, wuƙa da hannu, duk a goge su su bushe.

Mai koyo ta fara da rabin kilo na cakulan da rabin kilo na gyaɗa. A yanka cakulan ƙanana, a raba uku. A zuba kashi biyu a kwano, a riƙa juyawa har ya narke. In babu ma'aunin zafi, a ɗiga kaɗan a cikin tsintsiyar hannu: ɗumi ya kamata a ji, in ya yi zafi to wutar ta yi yawa. A sauke kwanon, a goge gindinsa da tsumma, a zuba kashi na ukun, a ci gaba da juyawa har shi ma ya narke.

Wannan kashi na uku da aka ajiye yana da aiki babba a cakulan na ainihi. Man kakawo yana iya daskarewa ta siga daban-daban, kuma ɗaya ce daga ciki ke ba da sheƙi da ƙarfi. Gutsattsarin da bai narke ba yana ɗauke da wannan siga, shi ne ke jan sauran su bi sahunsa, yana kuma sauko da zafin zuwa digiri 31 ko 32. Ana gwadawa da bakin wuƙa: a tsoma, a ajiye. Idan cikin minti biyar na sanyin safiya ya daskare yana sheƙi, ya yi. Idan ya ƙi, a ƙara gutsure kaɗan a ci gaba da juyawa. Sai a juye gyaɗar da ta huce, a cakuɗa, a ɗiba da cokali.

Bayan sallar asuba ne lokacin wannan aiki, domin ko a Janairu rana na iya kai digiri 30. A rufe taga saboda ƙurar hunturu.

Idan cakulan ya gagara saye, ana iya haɗa rufi na gida da garin kakawo, dakakken sukari, garin madara da man kaɗe na ci. Wannan ba baƙon abu ba ne ga masana'antu: dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta amince a sa wasu mayukan tsirrai har kashi 5 cikin 100 a cakulan, man kaɗe na cikinsu. Sharaɗi shi ne man ya zama sabo marar wari, sukarin kuma a daka shi a tankaɗe da rariya mai laushi, domin sukari ba ya narkewa a cikin mai. A gwada da cokali biyu ko uku a ɗanɗana kafin a yi da yawa.

Idan zafi ya shigo

Daga watan Maris a ajiye cakulan, a koma ga sukari. Rufin sukari ba ruwansa da zafin rana, kuma garin kakawo kaɗan zai ba shi launi da ƙamshin da masu saye ke nema.

A auna ɗanyar gyaɗa tsintacciya kofi biyu, da fatarta, sukari kofi ɗaya, ruwa rabin kofi, garin kakawo babban cokali biyu. A haɗa gyaɗa, sukari da ruwa a kasko mai faɗi, a ɗora a matsakaiciyar wuta, a riƙa juyawa da muciya. Da fari ruwan zai yi ta ɓararraka. Can sai kumfar ta yi manya, ta yi kauri, muciya ta fara barin hanya a gindin kasko. A nan za a barbaɗa kakawo, domin in an sa shi tun farko yana iya ƙonewa ya yi ɗaci. Jim kaɗan sai sukarin ya bushe farat ɗaya, ya koma gari-gari ya lulluɓe kowace ƙwaya. Masu koyo da yawa a nan suke tsorata su ƙara ruwa. Kada a ƙara. A rage wuta, a ci gaba da juyawa har garin ya fara narkewa kaɗan, gyaɗar ta ɗauki sheƙi, ana jin ƙwaya-ƙwaya tana fashewa. A juye a tiren ƙarfe da aka shafa wa mai, a baza da muciya. Ba a sa leda a nan, zafin zai narkar da ita.

Wadda ba ta sami garin kakawo zalla ba tana iya amfani da garin shan shayi irin su Milo, amma ta rage sukari da wuta, tunda akwai sukari da madara a cikinsa kuma yana saurin kamawa.

Kantu ma haka yake jure zafi. A narkar da sukari har ya yi ja, a zuba farfasasshiyar soyayyar gyaɗa ko riɗi, a juye a tire mai mai, a murza da kwalba, a yanka tun da ɗuminsa. Alamar sukari ya nuna ita ce, in an ɗiga shi a ruwan sanyi ya daskare ya karye. A lokacin zafinsa ya kai wajen digiri 150, ya wuce tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa fata. Uwa ta sauke goyo kafin ta fara, a kori yara daga bakin murhu. In tsautsayi ya afku, a yi ta kwarara ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, kada a shafa mai ko man goge baki, sannan a nufi asibiti in ƙunar babba ce.

Ajiya

Da damina laima ce matsala. Sukari na jan danshin iska, alewa ta yi yauƙi ta manne. Kwalba busasshiya mai murfi ta fi ƙullin leda a wannan lokaci, kuma gara a yi kaɗan a sayar da a tara.

Curin cakulan kuwa a zuba shi a roba mai murfi mai kamewa, a ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaki. Akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba na jihar Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, da jiƙaƙƙen rairayi a tsakaninsu. Tana sanyaya sosai a busasshiyar iska, amma cikinta da danshi, don haka dole robar ta kasance a rufe ruf. Idan cakulan ya ɗan narke ya sake daskarewa, yakan yi fari-fari a sama. Mansa ne ya taso, ba funfuna ba ce, ba ya cutarwa, sai dai mai saye ba zai so shi ba. Gyaɗar da manta ya juya, ta fara wari da ɗaci, ita ce ta zubarwa.

Lafiyar mai ci

Ba a ba yaron da bai kai shekara biyar ba ƙwayar gyaɗa sukutum, domin tana iya sarƙe shi. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa. In bayan ci aka ga kumburin leɓe ko fuska, ko borin jini, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti nan take. Tunda cakulan na ɓoye abin da ke ciki, mai talla ta riƙa faɗa: «Da gujiya a ciki.» Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato wajen giram 50 ga babba. Mai ciwon sukari ya nemi shawarar likita, yara kuma su wanke baki bayan sun sha.

Lissafi

Alƙaluman da ke biye na koyon lissafi ne. Kowa ya sauya su da farashin kasuwarsa.

A ɗauka mai alewar sukari ta sayi gyaɗa ta 900 F, sukari na 500 F, kakawo na 300 F, gawayi na 200 F, leda ta 100 F. Uwar kuɗinta 2,000 F ke nan, jika biyu. Ta sami ƙulli 56, tana sayar da kowane dala goma, wato 50 F. In duka suka shige ta tashi da 2,800 F, ribarta 800 F. To amma ƴaƴanta sun ɗauki huɗu, ta ba maƙwabciya biyu, wani yaro kuma ya zo da «Inna, a ba ni huɗu, Baba ya ce gobe zai biya», goben ba ta zo ba. Ƙulli goma sun tafi, 500 F ke nan. Riba ta koma 300 F. Ba a hana kyauta ba, amma a rubuta ta a littafi, don a san inda kuɗi suka bi.

A ɗauka kuma mai curin cakulan ta kashe 1,000 F a gyaɗa, 5,000 F a cakulan, 500 F a gawayi da leda. Jimla 6,500 F, curi 100. Kowane curi ya ci mata 65 F. In ta bi farashin da yara suka saba ta sayar a dala goma, ta yi faɗuwar 1,500 F. In ta sayar a dala ashirin, ribarta 3,500 F. Idan kuwa rana ta narkar da 25, ribar ta dawo 1,000 F.

Wannan lissafi ya nuna inda kowace alewa ta dosa. Ta sukari ribarta kaɗan ce, amma jarinta ƙarami ne, ba ta lalacewa da wuri, kuma tana shiga kullum a bakin makaranta da tasha. Ta cakulan ribarta ta fi, haɗarinta ma ya fi. Kwalliya ta fi biyan kuɗin sabulu in an yi ta bisa oda, don biki ko suna ko kayan gara a lokacin sanyi, bayan an karɓi kafin alƙalami. Mata biyar ko shida na ƙungiya ɗaya suna iya haɗa kuɗi su aika a sayo cakulan daga Yamai gaba ɗaya, a ɗauko shi a motar safe, su raba.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke haɗuwa a Bonkuku lokacin sanyi waɗanda ke taimakon mai alewa?
2. Faɗi alamomi huɗu na gyaɗar da ya kamata a zubar. Me ya sa suya ba ta isa ba?
3. A digiri nawa man kakawo ke narkewa? Me wannan ke nufi ga mai talla a watan Afrilu?
4. Mene ne amfanin tawul a tukunyar lantarki, kuma me ke yin aikinsa a dabarar tukunya da kwano?
5. Wata ta kashe 3,000 F, ta sami ƙulli 80, tana sayar da kowane 50 F. Takwas sun tafi a kyauta. Nawa ce ribarta?

Aikin gida

Ranar kasuwa mai zuwa, kowa ya tambayi farashin tiyar gyaɗa, kilon sukari, ƙullin gawayi da garin kakawo, ya rubuta su a littafinsa da ranar da ya tambaya. Ya kuma tsince kofi biyu na gyaɗa, ya ƙirga ƙwayoyin da ya fitar, ya ƙulle su daban. Ku zo da masu kyan da marasa kyan duka a zama na gaba, tare da kasko ɗaya da muciya ga kowane rukuni na mutum biyar, domin da gyaɗarku da farashinku za a yi gwajin alewar sukari a aji.